JOHN SOANE, ƊAN MAGINI WANDA YA GINA BANKIN INGILA

A tsakiyar birnin Landan, babban birnin ƙasar Ingila, akwai wani fili mai itatuwa da ake kira Lincoln's Inn Fields. A gefensa na arewa akwai gida mai lamba 13, wanda mutane ke jeruwa a ƙofarsa don su shiga kallo, kuma ba a karɓar kome daga hannunsu. Mai gidan ya rasu tun shekarar 1837, amma kujerunsa da littattafansa da zane-zanensa suna nan a inda ya bar su, domin majalisar dokokin ƙasar ta yi doka ta musamman cewa a bar gidan yadda yake.

Sunan mai gidan John Soane, ana faɗinsa Jon Son. Ya yi zamani da sarakunan Ingila masu suna Joji, waɗanda su huɗu suka yi mulki bi da bi daga 1714 zuwa 1830, har ana kiran gine-ginen lokacin da sunansu. Sana'arsa tsara gini. Mai tsara gini shi ne ke zana gida a takarda tun ba a haƙa harsashi ba, ya auna tsawo da faɗi, ya ƙiyasta kuɗin da za a kashe, sa'an nan ya sa ido a kan magina har a gama. Soane ya so abubuwa biyu a duniya: ginin da zai daɗe bayansa, da ɗan da zai gaje shi. Ga yadda ta kasance.

DAGA ƊAUKAR TUBALI ZUWA RIƘON ALƘALAMI

An haife shi ranar 10 ga Satumba 1753 a yankin garin Reading, kusa da kogin Tames. Ubansa magini ne mai jera gasasshen tubali, ba mai dukiya ba. Duk da haka an sa yaron lakwal a Reading, inda ya koyi karatu da rubutu da lissafi. Da uban ya rasu, sai yaron ya koma garin Chertsey wurin wansa William, wanda shi ma magini ne, ya riƙa ɗaukar masa tubali da kwaɓi. Ana ba da labari cewa akan gan shi zaune a gindin tsani da littafi a hannu, alhali ana jiran tubali a bisa.

A 1768, yana da shekara 15, wani ma'auni mai suna James Peacock ya lura da hazaƙarsa, ya kai shi Landan wurin George Dance ƙarami, mai tsara gine-ginen hukumar birnin. Nan ya fara da aike da share tebur, ya kai ga kwafar zane. A 1771 aka karɓe shi a makarantar Royal Academy, wato babbar makarantar zane da sassaƙa da tsarin gini wadda Sarki Joji na 3 ya kafa, inda ba a biyan kuɗin karatu. Da rana yana aiki a biro, da dare yana sauraren darasi. A 1772 ya ci lambar azurfa, a 1776 kuma ya ci lambar zinariya da zanen wata babbar gada ta bikin nasara.

Wannan gada ta takarda ta yi dalilin tsira da ransa. A watan Yuni na 1776 abokansa sun gayyace shi yawon kwalekwale a kogin Tames, ya ƙi zuwa don yana son ya ƙarasa zanen. Kwalekwalen ya kife, abokinsa James King ya nutse. Soane kuwa bai iya iyo ba.

GA ƘOSHI GA KWANAN YUNWA

Bayan lambar zinariya, Sarki ya ba shi burs na shekara uku, fam 60 kowace shekara, don ya je Italiya ya ga gine-ginen mutanen da. A wancan zamani, mai tsara ginin da bai auna kufan Rumawa da hannunsa ba, ba a ɗaukarsa cikakken masani. Ya tashi daga Landan a watan Maris na 1778, ya bi ta Faransa, ya isa birnin Rum ranar 2 ga Mayu. Ya hau bisa rusassun ɗakunan ibada da igiyar awo, ya ziyarci Pompeii, garin da tokar dutse mai aman wuta ta binne, ya kai har tsibirin Sisili. Ya kuma sadu da tsohon mai zanen nan Piranesi ƴan watanni kafin rasuwarsa, wanda ya ba shi kyautar zane huɗu. Suna rataye a gidan Soane har yau.

A Rum ne ya haɗu da wani babban limamin kirista mai dukiya, Frederick Hervey, bishop na Derry a ƙasar Ailan. Wannan mutum ya ja shi a jiki, ya yi masa alkawarin manyan ayyuka in ya biyo shi gida. Soane ya yarda, ya katse karatunsa da saura shekara guda, ya koma a 1780. Ya isa gidan bishop a Downhill, ya yi wajen mako shida yana awo yana zane, amma ko tubali ɗaya ba a aza ba. Ya dawo Landan da fam 30 kacal, ga bashi a wuya, ga burs ya wuce. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Bai manta da wannan wulaƙanci ba har tsufansa, kuma tun daga ranar ya zama mutum mai rubuta kowane anini da ya shiga ko ya fita.

Waɗanda suka fitar da shi kunya su ne sauran abokan da ya yi a Italiya. Wannan ya ba shi gyaran gida, wancan ginin bargar dawaki, wani kuma ƙofar gona. Bai raina ƙaramin aiki ba. Yakan kwana cikin keken doki daga wannan lardi zuwa wancan don ya duba aiki da idonsa. A 1784 ya auri Eliza Smith, wadda kawunta George Wyatt babban ɗan kwangilar gini ne. A wajen wannan lokaci ne ya ƙara harafin «e» a ƙarshen sunansa, domin asalin sunan gidansu Soan ne. Ba ya son a tuna masa da kwandon tubali. Da Wyatt ya rasu a 1790, gadon da ya bar musu ya raba Soane da talauci har abada.

ALƘALI TSAKANIN MAI GIDA DA MAGINA

A zamanin, sau da yawa mutum ɗaya ne ke zana gini, shi ke sayar da katako da tubali, shi ke ɗaukar ma'aikata, shi ne kuma ke duba aikin ya ce ya yi kyau. Soane ya ƙi wannan hanya. A littafin zane-zanensa da ya buga a 1788, ya bayyana cewa mai tsara gini tamkar alƙali yake tsakanin mutum biyu: mai gida, wanda dole a tsare masa dukiya, da ma'aikaci, wanda dole a tsare masa haƙƙi. Wanda aka ba wannan amana, in ji shi, bai kamata ya zama shi ne ɗan kwangila ba, domin ba ya yiwuwa mutum ya binciki lissafin da ribarsa ke ciki. Saboda haka ladansa sananne ne tun farko: kashi 5 cikin 100 na kuɗin aikin. Wannan ra'ayi, wanda bai yi wa wasu abokan sana'arsa daɗi ba, shi ne daga baya ya zama ƙa'idar sana'ar a Ingila.

BANKI MARAR TAGA

A watan Oktoba na 1788 aka naɗa shi mai tsara gine-ginen Bankin Ingila, yana da shekara 35. Faraminista William Pitt ya goyi bayansa, kuma ta hannun wani ɗan'uwan Pitt da suka saba a Italiya ne suka san juna. Ya riƙe wannan aiki shekara 45.

Matsalar da ya tarar mai wuya ce. A 1780 masu tarzoma sun kai wa bankin hari, sai da soja suka kore su, har ya zama ana kawo soja gadi kowane dare. Saboda haka shugabannin bankin ba su son taga ko ɗaya da ke kallon titi. Suna kuma tsoron gobara, domin dukiyar wurin ba zinariya kaɗai ba ce, har da littattafan da aka rubuta bashin gwamnati a ciki. Ga shi kuwa ma'aikata na bukatar haske don su yi rubutu da lissafi, a lokacin da babu lantarki. Daɗin daɗawa, yaƙin da Ingila ta yi da Faransa daga 1793 zuwa 1815 ya sa gwamnati cin bashi mai yawa, aikin banki ya ƙaru, kullum ana neman sababbin ɗakuna.

Soane ya kewaye wurin duka, fili fiye da hekta ɗaya, da doguwar katangar dutse marar taga. Haske kuwa, tun da an hana shi shiga ta gefe, sai ya shigo da shi ta bisa. A babban zauren da ya fara ginawa a 1792, ya tsayar da ginshiƙai huɗu, ya aza musu ƙubba marar zurfi, ya buɗe ƙolinta, ya kewaye buɗin da gilashi. Rana na hudowa, haske ya zubo a kan teburan ma'aikata, wanda ke tsaye a ƙasa bai ga ta inda ya shigo ba. Bai sa katako a rufin ba, domin katakon rufin da ya tarar ya ruɓe, kuma katako abincin wuta ne. A maimakonsa ya sa aka gasa ƙananan tukwane na yumɓu, aka jera su aka ɗaure da kwaɓi suka zama rufi. Tun da cikinsu fanko ne, ba su da nauyi, wuta kuma ba ta cin su.

Ya kuma rage ado. Sauran masu tsara gini suna cika bango da furanni da ganyaye na farar ƙasa irin na Rumawa. Shi kuwa sau da yawa layi kawai yake tsagawa a jikin bango, ya bar haske da inuwa su yi sauran aikin. Abokan hamayya sun yi masa ba'a a rubuce, suka ce ya kori ƙa'idodin magabata. A kusurwar arewa maso yamma ta katangar ne ya nuna musu bai manta da Italiya ba: ya jera ginshiƙai a zagaye, kamar na wani ɗakin ibada da ya auna a garin Tivoli.

MALAMI MAI KAIFIN BAKI

A 1806 aka naɗa shi babban malamin tsarin gini a makarantar da ya yi karatu. Don darussansa, ya sa almajiransa suka zana manyan hotuna fiye da 1.000 na gine-ginen duniya. Amma Soane mutum ne mai saurin fushi, ba ya ɓoye abin da ke ransa. A 1810 ya kushe sabon gidan wasan kwaikwayo na Covent Garden, aikin wani matashi Robert Smirke, a gaban jama'a. Hukumar makarantar ta kafa doka cewa kada malami ya sake sukar aikin mai rai. Soane ya yi fushi ya dakatar da darussa, aka daɗe ana jayayya kafin ya koma.

A 1811 ya fara ginin da masana da yawa ke ganin ya fi kowane tasiri, wato gidan hotuna na Dulwich a kudancin Landan. An tara hotunan ne don sarkin Polan, amma kafin a kai masa su, maƙwabta suka raba ƙasarsa a 1795, ya rasa gadon sarauta. Kuɗin ginin kaɗan ne, don haka Soane ya yi shi da tubali tsirara, irin wanda ubansa ya jera. Ɗakuna biyar ne a jere, kowane na samun haske ta rufi, bango kuwa an bar wa hotuna. An buɗe wa jama'a shi a 1817. Har yau masu gina gidajen hotuna a ƙasashe dabam-dabam suna zuwa su ga yadda ya yi.

ALBASA BA TA YI HALIN RUWA BA

Eliza ta haifa masa ƴaƴa maza huɗu, biyu suka rayu: John da George. Burinsa su gaji sana'arsa. Don haka a 1800 ya sayi gidan gona na Pitzhanger a Ealing, ya sake gina shi, ya cika shi da gumaka da gutsattsarin gine-ginen da, wai yaran su tashi cikin ilimi. John bai da lafiya, zuciyarsa kuma ba ta wurin zane. George kuwa rubutun littattafai da wasan kwaikwayo yake so, ga shi da cin bashi. Uban bai iya lallashi ba, sai faɗa da gori. A 1810 ya sayar da gidan.

Tun a 1802 Eliza ta saya wa mijinta hotuna takwas na mai zane William Hogarth. Suna nuna wani saurayi da ya gaji dukiya ya watsar, aka kai shi kaso saboda bashi, ya ƙare a gidan mahaukata. Shekara goma sha ƴan kai bayan haka, George ya nemi uban ya biya masa bashi, uban ya ƙi, aka kulle shi a gidan kaso.

Da ya fito, sai ya rama ta inda ya san zai yi zafi. A watan Satumba na 1815 wata jarida mai suna The Champion ta buga sharhi biyu ba sunan marubuci, suna yi wa gine-ginen Soane kaca-kaca, har da gidan da yake kwana. Eliza, wadda dama ba ta da lafiya, ta karanta ta gane hannun ɗanta ne. Ta rasu ranar 22 ga Nuwamba 1815. Soane ya ɗora wa George alhakin mutuwarta. Ya sa aka manna sharhin biyu a allo, aka rubuta a bisa cewa su ne dukan da ya kashe ta, ya rataye a gidansa. Ba su shirya ba har abada. John kuma ya rasu a 1823.

GIDA YA ZAMA MAKARANTA

Da ya rasa mata ya rasa magaji, sai ya juya ga gidansa. Tun 1792 ya sayi lamba 12 a Lincoln's Inn Fields, daga baya ya ƙara da 13 da 14, yana rushewa yana sake ginawa. Filin ƙanƙane ne, don haka ya yi ta dabara. Ya sa madubai a kusurwoyi don ɗaki ya yi kamar ya fi girmansa. Ya sa gilashi rawaya a rufi don hasken Landan mai hazo ya yi kama da ranar Italiya. A ɗakin hotuna, wanda yake wajen mita 4 a kowane gefe, ya yi bangaye masu buɗewa kamar ƙyauren taga, hoto a gaba hoto a baya, har ɗakin ya ɗauki hotuna fiye da 100.

A 1824 ya sayi akwatin gawar Fir'auna Seti na 1, wanda aka tono a Masar a 1817. Babban gidan tarihin Ingila ya ce fam 2.000 ya yi tsada, Soane ya biya. Sai da aka fasa bangon baya kafin a shigar da shi. A watan Maris na 1825 ya yi walima dare uku, ya gayyaci mutum wajen 900, aka kunna fitilu, farin dutsen ya riƙa sheƙi.

A 1831 Sarki Wiliyam na 4 ya ba shi lambar girma ta «Sir». A 1833, idanunsa sun raunana, ya ajiye aikin banki, ya kuma nemi majalisa ta yi doka a kan gidansa: bayan ransa a danƙa shi ga amintattu, a bar kome a inda yake, a buɗe wa ɗalibai da masu sha'awa kyauta. Ba a ɓoye yake ba cewa dokar za ta hana George cin gidan. George ya kai kuka majalisa, wani ɗan majalisa William Cobbett ya tsaya masa, yana ganin bai dace uba ya hana jininsa ya ba baƙi ba. Majalisa ta amince da dokar duk da haka. Soane ya rasu ranar 20 ga Janairu 1837, yana da shekara 83, aka binne shi kusa da Eliza a maƙabartar St Pancras, a kabarin da shi da kansa ya zana mata.

ABIN DA YA RUSHE DA ABIN DA YA RAGE

A 1830 ya sa mai zanensa Joseph Gandy ya zana Bankin Ingila ba rufi, kamar kufan Rumawa, don a ga tsarin cikinsa. Zanen ya zama kamar duba. Tsakanin 1925 da 1939 bankin ya bukaci ƙarin wuri, aka rushe kusan dukan zaurukan Soane, Herbert Baker ya gina dogon bene a gurbinsu. Katangar waje kaɗai aka bari. Masanin tarihin gini Nikolaus Pevsner ya ɗauki wannan rushewa a matsayin laifi mafi girma da aka yi wa gine-ginen tsohon birnin Landan a ƙarni na 20. Kotunan da ya gina a Westminster ma an rushe su tun 1883.

Gidan hotuna na Dulwich, wanda bom ya lalata a 1944, an gyara shi an sake buɗewa a 1953. Ɗakin cin abinci da ya tsara a fadar faraminista, lamba 10 Downing Street, yana nan ana karɓar baƙi a ciki. Ana kuma faɗin cewa rufin kabarin Eliza ne Giles Gilbert Scott ya duba sa'ad da ya zana jan ɗakin talho da aka fara kafawa a titunan Landan a 1926.

Amma wanda ke son ya san Soane, gida mai lamba 13 zai nufa. Akwai zane wajen 30.000 a ajiye, nasa da na wasu, har da zanen zaurukan bankin da aka rushe, waɗanda da su aka yi amfani aka sake gina zauren 1792 a gidan tarihin bankin. Ɗalibai daga ƙasashe masu nisa suna zuwa da littafin zane da fensir, su zauna a ƙarƙashin hasken da ke zubowa ta rufi, kamar yadda ya so ƴaƴansa su zauna. Ƙa'idar shiga tana nan yadda dokar 1833 ta tsara: ba a tambayar mai zuwa ko ɗan wane ne, ba a kuma karɓar kuɗinsa.